Rukunin jininmu ɗaya, amma an ce jikinta ba zai karɓi ƙodata ba

Baban Sadiya, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar asibiti ya warware mini wani abu da ya hana ni barci tun ranar Talata. Mai ɗakina wata goma sha ɗaya ke nan tana wankin ƙoda, sau biyu a mako, wani makon sau ɗaya idan aljihu ya ƙi. Hawan jini ne ya cinye ƙodojin, abin ya tsananta bayan haihuwarta ta bakwai. Ranar wanki muna barin Agege kafin kiran assalatu don gudun cunkoson Oshodi, a jona ta da na'ura awa huɗu, mu dawo ko kofin ruwa ba ta iya ɗagawa. Sai na yanke shawarar ni zan ba ta ƙoda ɗaya. Rukunin jinina O, nata ma O. An yi mini hoton ciki, an auna suga, an auna hanta, aka ce ƙalau nake. Saura gwaji ɗaya, wanda aka ɗebi jinina da nata aka aika da su. Da sakamako ya dawo likita ya ce aikin ba zai yiwu ba, wai jininta ya riga ya san ni, kuma ya tanadi abin da zai kashe ƙodar tawa. Shekara 19 muna tare, ko yaji ba ta taɓa yi ba. Ta yaya jininta zai ƙi ni?

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai shawarata ka canza asibiti. O da O ai magana ta ƙare, ko ƙarin jini za a yi abin da ake dubawa ke nan. Ina gudun kada a riƙa jan ka da gwaji bayan gwaji har ɗan abin da ka tara na aikin ya ƙare.

Maman Hanif, nas a sashen wankin ƙoda: Alhaji, don Allah a yi hattara da wannan shawarar. Gwajin da ake magana ba na neman kuɗi ba ne, kuma duk asibitin da ya yarda ya yi dashe ba tare da shi ba, wannan ne abin gudu. Baban Sadiya, sannu da ɗawainiya. Amsa mini biyu: ban da haihuwa bakwai ɗin, ta taɓa ɓari? Kuma leda nawa na jini aka taɓa ƙara mata tun da take?

Baban Sadiya, Agege: Ɓari biyu, Hajiya. Jini kuwa leda biyu a haihuwar ƙarshe, sannan tun da aka fara wankin nan an ƙara mata leda shida, huɗu daga ciki a wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Ɗaya daga ciki ma ni na bayar da kaina.

Maman Hanif: To ka ga amsar tana cikin abin da ka lissafa. Bari Likita ya shigo, ya fi ni iya jera bayanin.

Likita, Surulere: Salamu alaikum. Baban Sadiya, Allah ya saka maka da alheri kan niyyarka. Zan ɗan tsawaita, a yi haƙuri.

Rukunin jini, wato A da B da AB da O, ƙofar farko ce kawai. Bayanta akwai wata. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu alamomi a fuskarta da ake kira HLA. Ku ɗauke su kamar tsagar gado: da can kana ganin askar fuskar mutum ka san na wane gida ne. Kowa yana gadon jeri ɗaya daga uba, jeri ɗaya daga uwa, kuma ire-irensu a duniya dubbai ne, shi ya sa da wuya bare biyu su zo da tsaga iri ɗaya. Aikin garkuwar jiki shi ne duba wannan tsagar dare da rana. Wanda ta ga tsagarsa ta gida ce ta ƙyale shi, wanda ta ga baƙuwa ta far masa.

Abin da ya shafe ka shi ne garkuwar jiki ba ta mantuwa. A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani masani Peter Medawar da wani likitan fiɗa Thomas Gibson sun kula da wata mata da ta ƙone a birnin Gilasgo. Aka yanko fatar ɗan'uwanta aka dasa mata. Kashin farko ya kama na ɗan lokaci kafin ya lalace. Da aka sake dasa kashi na biyu daga jikin wannan ɗan'uwan dai, sai ya lalace da sauri fiye da na farko. Aka maimaita abin a zomaye da ɓeraye, haka ya riƙa fitowa: a ɓera, fatar farko takan kai kwana 10 zuwa 13, ta biyu daga mai bayarwa ɗaya kwana 6 zuwa 8. Idan kuwa aka kawo fatar wani ɓeran daban wanda jiki bai taɓa gani ba, sai ta ɗauki kwanakin farko cif. Wato jiki yana riƙe fuskar wanda ya taɓa gani, shi kaɗai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura.

Hanya uku ce jiki ke sanin tsagar wani kafin dashe: ƙarin jini, dashen da aka taɓa yi, da ciki. Duk ɗan da Maman Sadiya ta ɗauka, rabin tsagarsa taka ce. A lokacin goyon ciki, musamman wajen haihuwa, ƙwayoyin jinin jariri kan tsallaka cikin jinin uwa. Ciki tara ke nan jikinta yana karanta tsagarka. Ba kowace mace ce ke haɗa makami, wato sinadarin da garkuwa ke ƙerawa a jini don kai wa baƙo hari, a kan tsagar mijinta ba, amma yawan ciki yana ƙara yiwuwar hakan. Wani lokaci makamin yakan kwanta shekaru har gwaji ya kasa ganin sa, sai ƙarin jini ya tashe shi. Ga shi kuma har jininka aka ƙara mata kai tsaye.

Gwajin da aka yi muku shi ne a zuba ruwan jininta a kan fararen ƙwayoyin jininka a duba. Idan ya kama su ya kashe, haka zai yi wa ƙodar. A 1969 wasu masana biyu a Amurka, Patel da Terasaki, sun duba dashe 30 da aka yi duk da gwajin ya nuna rashin jituwa: 24 sun lalace nan take. A cikin 195 da gwajinsu ya fito lafiya, 8 ne kawai suka lalace haka. Tun daga lokacin ya zama doka a ko'ina. Nan take ɗin da nake faɗa ina nufin mintoci zuwa awoyi: a ɗinke jijiya, a saki jini, ƙodar ta yi ja gwanin kyau, kafin a rufe ciki ta fara dabbare-dabbare ta koma shuɗiya, jini ya daskare a ƙananan jijiyoyinta. Sai a cire ta. Kai ka rasa ɗaya, ita ta koma na'ura, kuma garkuwarta ta ƙara kaifi a kan na gaba.

Alhaji Mai Goro: Allahu Akbar. To na janye maganata, Allah ya yafe mana. Amma Likita, yaya jikin uwa yake barin jaririn har wata tara in dai baƙo ne?

Likita, Surulere: Mabiyiya ce ke tsakani, Alhaji. Fuskarta da ke taɓa jinin uwa ba ta nuna irin alamomin da garkuwa ta fi kai wa hari, kuma jikin mai ciki yana lallashin sojojinsa a wannan wurin. Ƙodar da aka dasa ba ta da wannan labulen, jinin mai karɓa yana bi ta cikin jijiyoyinta tsirara.

Direban Apapa: Ni fa ina da wata fahimta. Duk wannan rikicin jinin bai yi yawa ba sai bayan allurar korona. Baban Sadiya, an yi mata? Don na ji an ce allurar rigakafi tana hargitsa garkuwar jiki, ta sa jiki ya riƙa faɗa da komai. Ko likitan ma ai ya ce jiki ba ya mantuwa, to ba abin da aka tsira mata ba ne ya tuna?

Likita, Surulere: Ɗan'uwa, ka dubi shekarun da na ambata, 1943 da 1969. A 1958 ma an riga an gano wannan makamin a jinin matan da suka haihu da yawa, a Holan da Amurka, kuma da ruwan jinin irin waɗannan matan aka riƙa tantance ire-iren HLA tsawon shekaru. Ina korona a lokacin? Gaskiyarka a wuri ɗaya: hanyar tunawar iri ɗaya ce. Allurar ƙyanda tana nuna wa jiki fuskar ƙyanda don ya gane ta gobe, ciki yana nuna masa fuskar miji. Amma allurar ƙyanda ƙyanda take koyarwa, babu tsagar Baban Sadiya a cikin kwalbar. Likitocin dashe su ne ma suka fi kowa matsa wa majinyaci ya kammala rigakafinsa kafin aiki, zan dawo kan dalilin.

Direban Apapa: Na ji, amma ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da allurar nan ba.

Hajiya, Alaba Rago: Malam Direba, bari in ba ka labarin da ya faru a ɗakina. Ni jinina mai alamar ragi ne, na maigidan mai alamar tarawa. Ɗana na fari lafiya lau. Na biyu aka haife shi da shawara mai tsanani, idonsa kamar an shafa kurkum, sai da aka canza masa jini. Na uku bai zo da rai ba. A gida na haifi na farin, ba wanda ya gaya mini akwai allurar da ake yi wa irina cikin awa 72 bayan haihuwa don kada jiki ya riƙe jinin jaririn a ransa. Dangin miji har cewa suka yi iska ce. Da na karanta bayanin Likita sai da na yi hawaye, don ciwo ɗaya ne da nawa, jiki ya ga baƙo sau ɗaya ya ajiye. A nawa lamarin rashin allura ne ya cuce ni. Ƙanwata da aka yi wa a kan lokaci 'ya'yanta biyar, duk suna raye.

Maman Hanif: Allah ya jiƙan wanda ya rasu, Hajiya, ya sa mai ceto ne. Misalinki daidai yake, sai dai a sani ita wannan alamar ta ragi da tarawa ba ta hana dashen ƙoda, don a jajayen ƙwayoyin jini take zaune. Kuma abin takaici, babu irin wannan allurar ga HLA.

Ina so in koma kan ledoji shidan nan, don shi ne abin da ke ci mini rai a wurin aiki. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini. Idan ta mutu jini yakan yi ƙasa, majinyaci ya yi fari fat, yana haki in ya hau bene. Hanya mai sauƙi ita ce a rataya leda. Hanyar da ta dace ga mai jiran dashe ita ce allurar EPO, wadda ke maye gurbin wancan sinadarin, tare da ƙarfen jini ta jijiya. Tana da tsada, tana son firji, kuma sai an yi makonni kafin a ga aikinta, shi ya sa 'yan'uwa kan ce a sa jini kawai a huta. Kowace leda kuwa tana zuwa da fararen ƙwayoyin wani mutum da tasa tsagar. Akwai gwajin da ake kira PRA, daga 0 zuwa 100, yana nuna kashi nawa cikin ɗari na jama'a jininka zai ƙi. Na ga mutum ya fara wanki yana ƙasa sosai, bayan shekara ɗaya na ƙarin jini ya koma wanda da ƙyar za a samo masa mai bayarwa. Kada wani ya fahimce ni a karkace: idan jini ya zube ko ya yi ƙasan da zuciya za ta gaza, a ƙara, rai ne gaba. Amma a gaya wa likita cewa ana shirin dashe, a nemi jinin da aka tace fararen ƙwayoyinsa in akwai, kuma wanda zai ba da ƙoda kada ya kuskura ya ba da jini.

Baban Sadiya, Agege: Inna lillahi. Wallahi a wancan ƙaramin asibitin ba wanda ya tambaye ni ko muna shirin dashe, ni ma ban san zan faɗa ba. Suka ce a kawo mai ba da jini, na nannaɗe hannun riga ina jin daɗin na taimaka. To yanzu babban ɗanmu shekararsa 18 da wata huɗu, tun jiya yake cewa shi zai bayar. Ai shi jininta ne.

Likita, Surulere: Kada ka ɗora wa kanka laifi, mai yiwuwa ne cikin tara sun riga sun yi aikin tun kafin ledarka. Game da yaron: rabinsa nata ne, ɗaya rabin naka, kuma wannan rabin ne jikinta ya koya tun yana cikinta. Za a iya gwada shi, don kana da jeri biyu kuma kowane ɗa ɗaya ya ɗauka, wataƙila makamin ya fi ƙarfi a kan ɗayan. Amma kada ku sa rai sosai. Kuma ko da doka ta yarda daga shekara 18, likitoci da yawa ba sa gaggawar taɓa yaro ƙarami haka wanda hawan jini ke gidansu, don shekarun da ke gabansa suna da yawa.

Inda za ka duba shi ne gidan su Maman Sadiya. Shaƙiƙanta, uwa ɗaya uba ɗaya: kowane ɗaya yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da tsaga irin tata sak, biyu cikin huɗu ya yi rabi, ɗaya cikin huɗu ba su haɗa komai ba. 'Yan uba kuwa iyakarsu rabi. Don haka a gidan da ke da ɗakuna uku ko huɗu, a fara da 'yan ɗakinsu. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya, ranar 23 ga Disamba 1954 a Boston, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, Ronald Herrick ya ba Richard. Ba a ba shi maganin danne garkuwa ko ɗaya ba, don jiki bai ga baƙo ba. Richard ya ƙara shekara 8. Ronald da ya bayar ya rayu da ƙoda ɗaya har 2010.

Ɗan Fulani, Oko-Oba: Likita, maganar tagwayen nan ta tuna mini abu a garke. Mu mun sani tun kakanni, idan saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, macen galibi ba ta haihuwa, juya ce, ba ma ajiye ta don kiwo. Ko yana da alaƙa da wannan?

Likita, Surulere: Ai kun riga masana gani. Tagwayen shanu jijiyoyin mabiyiyarsu kan haɗu a ciki, jini ya riƙa zagayawa tsakaninsu, sinadaran namijin su hana mahaifar macen girma. A 1945 wani Ray Owen a Amurka ya gano cewa irin waɗannan tagwayen kowanne yana yawo da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa har girma, jiki bai ƙi su ba. Daga baya Medawar ya dasa musu fatar juna, ta zauna, alhali ba masu kama ɗaya ba ne. Daga nan aka fahimci cewa abin da garkuwa ta gani tun tana ciki, kafin ta yi wayo, takan ɗauke shi na gida. Abin da ta gani bayan ta girma shi take ƙullata. A kan wannan aka ba Medawar kyautar Nobel a 1960.

Mai Waya, Obalende: Baban Sadiya, duba saƙonka na gefe. Akwai wanda na sani yana haɗa mutane da masu bayarwa, matasa masu lafiya, har takardu yana shiryawa. Ba sai an wahalar da dangi ba.

Malam, Zangon Agege: A'uzu billahi. Ɗan'uwa, goge wannan maganar. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta mutum ya ba ɗan'uwansa gaɓa kyauta matuƙar ba za ta halaka shi ba, ta kuma haramta saye da sayarwa. Jikinka amana ne, ba hajarka ba ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta hana. Kuma kowa a nan ya ji shari'ar da aka yi a Landan a 2023, inda aka ɗaure Sanata Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8 kan kai wani yaro can don a cire masa ƙoda, yaron kuwa a titunan Legas ɗin nan yake talla. 'Ya'yanmu masu tura baro a Mile 12 da masu acaɓa su ake farauta da irin wannan, a ba yaro kuɗin da ba zai kai shi shekara ba, ya koma ƙauye da tabo, ba mai sake auna masa jini.

Admin: An cire saƙon. Duk wanda ya sake kawo tallar irin wannan za a fitar da shi.

Mai Dashe, Idi-Araba: Assalamu alaikum. Ni an yi mini, shekara bakwai ke nan, ƙanwata ce ta ba ni, rabi muka haɗa. Baban Sadiya, abin da nake so ka shirya masa shi ne bayan aikin. Ko gwaji ya fito lafiya, jiki bai daina ganin ƙodar a matsayin baƙuwa ba, lallashinsa kawai ake yi da magani. Ina shan takrolimus ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, da maikofenolet, da ƙaramin firednisolon. Wayata tana da ƙararrawa biyu, ko a cikin danfo ta kaɗa sai na ɓalle na haɗiya.

A shekara ta uku kasuwa ta karye mini. Na ji garau, sai na fara shan na safe ina tsallake na dare don kwalin ya kai wata biyu. Ba zafi, ba ciwo, ba komai. Bayan makonni na ga ƙafata ta ɗan kumbura, fitsari ya ragu. Da aka auna, adadin dattin jini ya ninka. Aka tsira allura aka ciro ɗan tsoka daga ƙodar, aka ce sojojin jiki sun cika ta. Kwana uku ana ɗura mini magani mai ƙarfi ta jijiya. Ta dawo, amma ba ta koma yadda take da ba. Ƙanwata da ta zo duba ni ba ta ce komai ba, hannunta kawai ta ɗora a gefen cikinta inda aka yanka. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Sannan a kiyayi agbo da jiƙe-jiƙe, da lemon nan mai ɗaci da ake kira girefurut, yana sa maganin ya taru a jini har ya zama guba ga ƙodar. Maganin tarin fuka rifamfisin kuma akasin haka yake yi, yana cinye shi. Duk likitan da zai rubuta maka ko na zazzaɓi, ka fara gaya masa kana da dashe.

Alhaji Mai Goro: To ba sai an fita waje ba ke nan? Ni na ɗauka sai Indiya.

Mai Dashe, Idi-Araba: Ana yi a gida tuntuni, Alhaji. Asibitin St. Nicholas da ke cikin tsibirin Legas ya fara a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo a 2002, yanzu akwai wasu a Abuja da sauran wurare.

Likita, Surulere: Bari in cika alkawarin da na yi wa Malam Direba. Alluran rigakafi iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwayar cutar a mace take ko ɓangarenta ne kawai, kamar ta ciwon hanta nau'in B, ta sanƙarau da ake yi wa maniyyata, ta tetanus, ta mura. Akwai kuma masu ƙwaya mai rai da aka raunana: ta zazzaɓin shawara, ta ƙyanda, BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna na baki. Mai lafiya jikinsa yana murƙushe raunanniyar ƙwayar ya koyi darasi. Wanda aka danne wa garkuwa kuwa tana iya zame masa cutar gaske, don haka bayan dashe ba a yi masa masu rai. Matattun ana yi, sai dai jikin da ke kan magani ba ya koyo da kyau. Shi ya sa lokacin yin su shi ne yanzu, kafin aiki, masu rai aƙalla mako huɗu kafin ranar.

Ku lura da katin shawara musamman. Indiya tana neman sa ga wanda ya taso daga Najeriya, Saudiyya ma haka. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Idan Maman Sadiya tana da niyyar Hajji ko Umara wata rana, ta yi ta yanzu da izinin likitanta, a yi ta gaske, kada a sayi kati ba allura. Wanda aka riga aka yi wa dashe bai yi ba, takardar uzuri likita zai rubuta masa.

Hajiya, Alaba Rago: To yaran gidan fa, idan masu ɗigon shan inna suka zo? Autarta ai ƙarama ce.

Maman Hanif: A yi wa yara rigakafinsu duka, Hajiya, don yaron da bai kamu da ƙyanda ba ba zai kawo wa uwarsa ita ba. Shi ɗigon baki yakan fita a bayan gidan yaro na wasu makonni, don haka bayan dashe wata ta riƙa yi wa autar tsarki a wannan lokacin, a dage da wanke hannu da sabulu, kuma a sanar da likitanta. Ita kuma Maman Sadiya a duba ko ta yi ta ciwon hanta. Masu wankin ƙoda ninki biyu ake yi musu, sannan a auna a ga ko ta kama.

Baban Sadiya, Agege: Idan duk 'yan'uwan nata ba su dace ba fa? Shi ke nan ni ba ni da amfani?

Likita, Surulere: Da sauran hanya biyu. Ɗaya ita ce musaya: a sami wasu ma'aurata masu irin matsalarku, kai ka ba matar wancan ko mijin, nasu ya ba taka, a yi aikin rana ɗaya. Tsagar da jikinta ya ƙullata taka ce, ta wani tana iya wucewa. Ta biyu ita ce a wanke makamin daga jininta da na'ura sau da yawa, a ba ta magungunan da ke kwantar da ƙwayoyin da ke ƙera shi, sannan a yi dashen. Ana yi, amma tsada ce a kan tsada, makamin yakan dawo, kuma idan gwajin ya yi zafi sosai ba a cika shiga ba. Ka nemi a ba ka takardar da ta lissafa sunayen HLA ɗin da jininta ke ƙi. Da ita za a iya cire wasu 'yan'uwan tun a takarda kafin a kashe kuɗin cikakken gwaji.

Baban Sadiya, Agege: Jama'a, na dawo bayan kwana goma sha shida. Shaƙiƙanta biyu sun taso daga Funtuwa a motar dare. Yayan nata da aka auna shi aka samu shi ma hawan jini ya kama shi bai sani ba, an cire shi, an ɗora shi kan magani. Ƙanin, mai shekara 31, rukuninsa O, rabi suka haɗa, kuma gwajin gamin jinin ya fito lafiya. Likita ya ce za a maimaita shi dab da aiki, kuma daga yau kada a ƙara mata jini sai da saninsa. An yi mata allurar ciwon hanta ta farko, ta shawara ranar Litinin. An rubuta EPO, na sayo na wata ɗaya. Matsalata yanzu wuta, layinmu kwana uku ke nan babu. Wa ke kusa da zai taimaka da wurin ajiya?

Alhaji Mai Goro: Kawo shagona, bayan masallacin Zango. Akwai sola, firiza ba ta mutuwa.

Maman Hanif: Alhaji, a firji za a sa, kada a sa a firiza, in ta daskare ta lalace. A tsakiyar firjin, nesa da bangon baya, a cikin kwalinta. Baban Sadiya, ranar wanki ka ɗauko ta a ƙaramar kula da ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, kada kwalbar ta taɓa ƙanƙarar.

Alhaji Mai Goro: Akwai ƙaramin firji na lemo, zan sa yara su kwashe shi yau. Ina shagon har bayan isha'i.